Tambayi Likita: An Ce Huhun Inna Bai Amsa Magani Ba, Mu Sayi Inhelar?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata shekarunta 64, ta fi shekara talatin tana tuyar waina da ƙosai a kan murhun itace cikin wani ɗan zaure. Ba ta taɓa shan taba ba. Shekara uku ke nan tana fama da tari da kaki da sassafe, in ta ɗan taka sai haki, yanzu ko sharar tsakar gida ba ta iya gamawa sai ta zauna ta huta. Mun kai ta asibiti aka sa ta hura wata na'ura, aka shaƙa mata magani, aka sake sa ta ta hura. A takardar an rubuta, kafin magani: FEV1 1.10, FVC 1.95, FEV1/FVC 0.56. Bayan magani: FEV1 1.20, FVC 2.05, FEV1/FVC 0.59. A gefen layin FEV1 an rubuta Pred 2.00. Wanda ya yi gwajin ya ce huhunta bai amsa magani ba, amma kuma likita ya rubuta mana inhela mai tsada, wato maganin da ake shaƙa ta baki. Yayana ya ce asarar kuɗi ce, tunda gwaji ya nuna ba za ta yi mata aiki ba. Don Allah ka raba mana gardama.
Daga wani mai karatu a Funtuwa

AMSA: Wa'alaikumus salam. Allah ya ba Inna lafiya, kai kuma Allah ya yi maka albarka da ka zauna ka kwafo lambobin nan ɗaya bayan ɗaya. Ku sayi inhelar. Ka gaya wa yayanka na fahimce shi, kuɗi ba a ƙasa ake tsintarsu ba, kuma maganar da aka gaya muku a ɗakin gwaji kowa ya ji ta abin da zai ɗauka ke nan. Sai dai ba haka take nufi ba.

Na'urar da Inna ta hura sunanta sifirometa. Tsohuwar dabara ce, wani likitan Ingila mai suna John Hutchinson ya fito da ita a 1846, sannan a 1947 wani likita a Faris, Robert Tiffeneau, ya nuna cewa abin da ya fi fallasa ciwon hanyar iska shi ne yawan iskar da mutum ya iya fitarwa a daƙiƙar farko. Lambobin takardarku daga nan suka samo asali. FVC ita ce dukkan iskar da Inna ta fitar daga cika ƙirji har ya zama babu saura, a ma'aunin lita. FEV1 kuma abin da ya fita ne a daƙiƙa ɗaya ta farko.

Ni in aka miƙo mini irin wannan takarda, kafin in kalli kowace lamba sai na tambaya yadda aka yi hurawar. Wannan gwaji ba kamar ɗibar jini ba ne da za ka miƙa hannu kawai, mara lafiya ne ke yin aikin da kansa. Ana zaunar da shi a kujera, a matse masa hanci da ɗan maƙali, ya ja iska har ƙirji ya cika taf, ya kama bakin bututun da leɓe kam, ya fesa ta da iya ƙarfinsa lokaci guda, ya ci gaba da turawa har fuska ta yi ja jijiyar wuya ta tashi, mai gwajin na kansa yana ta “Hura! Hura! Ƙara! Kar ki tsaya!” To ka dubi dattijuwa irin Inna, ga kunya, ga saurayi sa'an jikanta yana mata tsawa, ga ɗaurin zani ya matse ciki, wataƙila ga giɓi a baki iska na zurarewa ta gefe. Da yawansu a hankali suke hurawa, su tsaya da wuri, sai takarda ta fito da ciwon da babu shi, ko ta ɓoye wanda ke akwai. Shi ya sa nake so mace ce ta tsaya wa iyayenmu mata, ta sassauta musu zani, ta fara hurawa da kanta su gani. Ƙa'ida ita ce a samu hurawa mai kyau aƙalla uku, kuma biyun da suka fi girma kada tazararsu ta wuce mililita 150. Ka duba takardar, sau da yawa na'urar na buga harafi na ingancin gwajin. In A ne ko B, hankali kwance. Zan ɗauka na Inna ya yi kyau, domin lambobinta sun dace da labarin da ka bayar.

Sai kuma layi na uku, FEV1/FVC, wato FEV1 a raba da FVC, wanda shi ne zuciyar takardar. Ka ɗauki tulu biyu cike da ruwa, ɗaya mai faɗin baki ɗaya mai tsukakken wuya, ka kifar da su tare. Dukkansu za su zube, amma na farko nan take, na biyun kuwa sai ka tsaya jira. Mai lafiyayyen huhu yana fitar da kusan kashi 75 zuwa 85 cikin 100 na iskarsa a daƙiƙar farko. Inna ta fitar da kashi 56, bayan magani kashi 59. Kwamitin masana na duniya da ake kira GOLD ya ce in wannan lamba ta tsaya ƙasa da 0.70 bayan an shaƙa maganin buɗe hanyar iska, kuma mutum na da alamun ciwon da tarihin shaƙar hayaƙi, to cutar tsukewar hanyoyin iska ce mai daɗewa, wadda likitoci ke taƙaitawa da COPD. Iyakar nan ta 0.70 tana da rauninta. Lambar tana raguwa da shekaru ko da lafiya lau, ta yadda tsoho ɗan 80 zai iya samun 0.68 ba tare da ciwo ba, matashi kuma ya samu 0.72 alhali hanyar iskarsa ta tsuke. Don haka wasu na'urorin suna buga iyakar da ta dace da shekarun mutum, a layin da aka rubuta LLN. Amma 0.59 ga mace 'yar 64 ta faɗi ƙasa da kowace iyaka aka ɗauka. Hanyoyin iskar Inna sun tsuke, wannan babu tantama.

Pred ɗin nan 2.00 shi ne abin da ake sa ran mace mai shekarunta da tsawonta za ta hura in tana lafiya. Ta hura 1.20, wato kashi 60 cikin 100. A ma'aunin GOLD, daga 80 zuwa sama sauƙi ne, 50 zuwa 79 matsakaici, 30 zuwa 49 mai tsanani, ƙasa da 30 kuma mai tsanani ƙwarai. Inna tana matsakaici. Kada ka riƙe lambar nan kamar hukuncin alƙali, domin ta dogara ga auna tsawon mutum daidai, ba takalmi, ba tambayarsa da baki ba, kuma jadawalin 2012 da na'urori da yawa ke amfani da shi, ɓangarensa na baƙar fata daga baƙaƙen Amurka aka tattaro shi, ba daga mutanen Funtuwa ko Damagaram ba.

Yanzu ga inda gardamarku take. A gwajin ana shaƙa wa mutum salbutamol, irin wanda ke cikin Ventolin, yawanci fesa huɗu, maikirogiram 400, a jira kamar minti 15, a sake hurawa. Ƙa'idar da aka fi sani ta ce an amsa in FEV1 ko FVC ta ƙaru da kashi 12 cikin 100 kuma ƙarin ya kai mililita 200, dukkan biyun tare. Na Inna ya tashi daga 1.10 zuwa 1.20, mililita 100 ke nan, kashi 9. Mai gwajin ya faɗi gaskiya, bai kai ba. Abin da wannan ke gaya mana shi ne tsukewar ba irin wadda ke sakewa gaba ɗaya cikin kwata ɗin awa ba ce, kuma hakan ya ƙara ƙarfafa cewa COPD ce. Tambayar ko magani zai taimake ta cikin watanni wata tambaya ce dabam, gwajin nan bai amsa ta ba. An daɗe da gano cewa mai COPD zai iya amsawa yau, a sake gwada shi wani mako ya ƙi amsawa, kuma waɗanda ba su amsa ba suna samun sauƙi da inhela mai dogon zango kamar sauran.

Dalilin yana cikin yadda ciwon ke sa haki. Tunda iska ba ta fita da sauri, kafin Inna ta gama fitar da numfashi ɗaya jiki ya buƙaci wani, sai tsohuwar iska ta yi ta taruwa a ƙirji. Da ta sunkuya da tsintsiya numfashi ya ƙara sauri, tarin iskar ya ƙaru, sai ta ji babu wurin da sabuwa za ta shiga. Inhela mai dogon zango, wadda wata sau ɗaya ake shaƙarta ta yi aiki awa 24, tana ɗan buɗe ƙananan hanyoyin dare da rana, iskar da ta maƙale ta ragu. Lambar FEV1 ba lallai ta motsa sosai ba, amma jiki magayi. Ku ba maganin wata biyu zuwa uku, ku lura: tana gama sharar? Tana kai wa gidan maƙwabta barka ba tare da ta jingina da bango ba? Tashin ciwon da ke kai ku asibiti ya ragu? Da wannan ake auna shi. Kuma don Allah kada ku bar wurin likita sai Inna ta shaƙa a gabansa ya gani, domin na sha ganin magani mai tsada yana ƙarewa a kan harshe saboda ba a nuna wa mai shi yadda ake ja ba.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne zauren nan. Hayaƙin itace na shekara talatin a wuri rufaffe shi ne tabar da Inna ta sha ba ta sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, yawanci daga girki da itace da gawayi da kara, ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020. Ba zan ce ta bar sana'arta ba, na san da ita aka yi muku kuɗin makaranta. Amma murhun ya fito fili, itace ya zama busasshe, in da hali ku 'ya'ya ku haɗa mata kan gas. Kada kuma a ce za a hutar da ita a ɗora jikarta 'yar shekara goma sha biyu a zauren, an canja mai shaƙa ne kawai. Da daddare a bar kunna maganin sauro mai hayaƙi a ɗakinta, a ɗaura mata gidan sauro. Lokacin hunturu in hazo ya sauko ta rage fita, ta rufe hanci. Sannan duk mai tari da kaki na tsawon wannan lokaci sai an gwada kakinsa don tarin tibi, gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. A duba mata zuciya da yawan jini kuma, domin su ma suna sa haki kuma suna iya haɗuwa da wannan. Ranar da kuka ga ba ta iya haɗa jimla saboda numfashi, ko leɓenta ya sauya launi, ko barci na fizgarta da rana tsaka tana rikicewa, asibiti nan take, kada a jira gari ya waye.

TAMBAYA: Likita barka da aiki. Ni malamar firamare ce, shekarata 26. Da asuba ƙirjina na kuka yana matse ni, musamman da hunturu ko in an sa turaren wuta. An yi mini gwajin hurawa da rana aka ce komai daidai, FEV1/FVC 0.81. Gaskiya na shaƙi Ventolin a cikin Keke kafin in isa, saboda ƙura. Yanzu uwar mijina na cewa son jiki ne kawai.
Daga wata 'yar'uwa a Gombe

AMSA: Ƙanwata, abin da kika kwatanta ya yi kama da asma ƙwarai, kuma takardar nan ba ta kore ta ba. Halin asma ke nan, ta zo ta tafi. Hanyar iska ta matse da asuba, da azahar ta saki, in aka gwada ki a lokacin sai a ga huhu garau. Ga shi kuma kin shaƙi maganin da ke buɗe ta kafin ki shiga, kin yi rabin gwajin tun a hanya. Ban ga laifinki ba, wanda ya ba ki ranar gwaji ya kamata ya gaya miki a dakatar da salbutamol awa 4 zuwa 6 kafin a zo, masu dogon zango kuma kwana ɗaya ko fiye, gwargwadon irinsu. Amma in numfashi ya sarƙe, ki shaƙi maganinki a ɗage gwajin, ba a wasa da rai saboda takarda.

Ki nemi a sake shi da safe, in so samu ne a makon da ƙirjin ke damunki. In kuma hakan ya yi wuya, akwai wata 'yar na'urar roba mai araha da ake aunawa a gida, mai nuna ƙarfin fesar iska. Ki hura sau uku da kin tashi, sau uku da yamma, kafin shaƙar magani, ki rubuta mafi girma a littafi har mako biyu. A ce da safe kin samu 300, da yamma 380. Tazarar 80 ce, a raba ta da matsakaicinsu 340, ya ba da kusan kashi 24. Ga babba, in wannan tazara ta wuce kashi 10 a yawancin kwanaki, hujja ce mai ƙarfi ta asma. Littafin nan sau da yawa ya fi gwajin rana ɗaya faɗa mini gaskiya.

In ta tabbata, kada ki zauna a kan Ventolin kaɗai. Yana sakin hanyar na 'yan awanni, bai taɓa kumburin da ke cikinta. Tun 2019 kwamitin masana asma na duniya, GINA, ya daina amincewa da a riƙe babba da shi shi kaɗai, sai an haɗa da inhela mai maganin kumburi, irin su budesonid. Wanda ke ƙarar da gwangwani uku ko fiye na Ventolin a shekara yana cikin haɗarin mummunan tashi. Ki kuskure baki bayan maganin kumburin. Zancen da ake yi cewa wanda ya fara inhela ya kamu ke nan ba gaskiya ba ne, kuma ko juna biyu kika samu ba a dainawa, rashin iska ya fi cutar da jariri. Game da Hajiya, kada ki yi jayayya da ita. Ki tafi da maigida ranar ganin likita ya ji da kunnensa, shi ya san yadda zai gaya wa mahaifiyarsa, har a samu a rage turaren a ɗakin kwananki.

TAMBAYA: Ni ɗalibin aikin jinya ne. Wajen gane ko huhu ya amsa magani, littafinmu ya ce kashi 12 da mililita 200, amma na ga wani wuri an ce kashi 10. Wanne zan rubuta a jarrabawa?

AMSA: Dukkansu suna nan, ɗana. Ta farko ƙa'idar 2005 ce ta ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka da takwararta ta Turai, tana kwatanta ƙarin da abin da mutum ya hura da farko. A 2022 ƙungiyoyin biyu suka fitar da sabuwa: a raba ƙarin da lambar da ake sa ran mutum ya hura, in ya wuce kashi 10 an amsa. Ɗauki mutumin da ya tashi daga lita 1.50 zuwa 1.74, ana sa ran 3.20. A tsohuwar, mililita 240 ne, kashi 16, ya amsa. A sabuwar, 0.24 a raba da 3.20 ya ba da kashi 7.5, bai amsa ba. An sauya ne saboda tsohuwar tana saurin cewa an amsa ga wanda lambarsa ta farko ƙarama ce. GINA dai har yanzu da kashi 12 da mililita 200 take aiki wajen gano asma a manya. A jarrabawa ka bi littafinku ka ambaci shekarar ƙa'idar. A ɗakin gwaji kuwa ka rubuta mililita nawa aka ƙaru da wace ƙa'ida ka bi, kada ka tsaya ga “ya amsa” ko “bai amsa ba” ka sallami mutum da ita, ka ga abin da ta jawo a gidan mai tambaya ta farko. Wajen shaƙa wa mutum maganin kuma, in babu bututun da ake haɗa inhela da shi, robar ruwa ta mililita 500 da aka huda gindinta tana yi. An gwada wannan a kan yara masu asma a Afirka ta Kudu aka buga sakamakon a 1999, ta yi aiki kamar na kanti.

TAMBAYA: Na gama maganin tarin tibi na wata shida bara, an ce na warke, amma har yanzu ina haki in na hau bene. A yi mini wannan gwajin?

AMSA: A yi, amma bayan an sake gwada kakinka an tabbatar ƙwayar ba ta dawo ba, domin ba a sa mai tibi a jiki ya fesa iska a na'urar da wasu za su hura. Tibi kan bar tabo. Wani tabon yana tsuke hanyar iska sai FEV1/FVC ta faɗi, wani kuma yana ƙanƙance huhun, sai FVC ta ragu amma FEV1/FVC ta zauna daidai. Na biyun sifirometa zato kawai take bayarwa, tabbatarwa sai da gwajin cikar huhu gaba ɗaya, wanda sai a manyan asibitocin koyarwa ake samu. In kana tofar da jini, ko an yi maka aikin ciki ko na ƙirji cikin mako huɗu da suka wuce, ko aikin ido a makon nan, ka faɗa kafin a fara, za a ɗage. Ka tafi da katin maganinka na tibi da hoton ƙirjinka na farko, likita zai so ya kwatanta shi da sabo.